Jigon Littafin Shaihu Umar: Nazarin Tambayar da Ɗalibai Ke Amsawa da Kalma Ɗaya

A cikin tambayoyin da ake yi wa ɗaliban adabin Hausa, tun daga manyan azuzuwan sakandare har zuwa kwalejojin ilimi da jami'o'i, da wuya a sami wadda ta kai tambayar jigo yawan fitowa, kuma da wuya a sami wadda ake amsa ta da gaggawa kamarta. Idan aka ɗora tambayar a kan littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, amsoshin da ake samu ba su cika wuce uku ba. Wasu su ce jigon littafin shi ne bauta da cinikin bayi, wasu su ce ƙaddara ce da haƙuri, wasu kuma su ce falalar neman ilimi. Da zarar ɗalibi ya rubuta ɗaya daga cikin waɗannan a layin farko, sai ya shiga maimaita labarin daga farkonsa zuwa ƙarshensa, yana ganin cewa hakan shi ne warwarar jigo. Ko ɗaya daga cikin amsoshin nan uku ba ƙarya ba ce, domin kowace tana da madogara a cikin littafin. Matsalar ita ce kowace amsa, idan aka bar ta ita kaɗai, tana tilasta wa ɗalibi ya rufe ido daga wani babban sashe na labarin, kuma sashen da aka fi rufe wa ido shi ne wanda ya fi nauyi.

Ya kamata a fara da sanin yadda littafin ya samu. A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko, saboda makarantu suna yaye masu iya karatu alhali babu abin karantawa sai littattafan darasi da fassare-fassare. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da ake lissafa su a matsayin tushen ƙagaggen labarin Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai kuma Shaihu Umar. An haifi Tafawa Ɓalewa a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koma Bauci yana koyarwa a makarantar Midil. Ke nan saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta littafin, tun kafin ya shiga siyasa, balle ya zama Firayim Minista. Wannan abin lura ne, domin ɗalibai da yawa suna karanta littafin kamar wasiyyar shugaban ƙasa, suna neman saƙon siyasar da ba lokacinsa ba ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne zamanin da aka rubuta shi. Turawa sun ci Kano a 1903. Dokar da suka kafa ta hana kai hari da sayar da mutane, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Saboda haka lokacin da littafin ya fito, akwai tsofaffi da ransu waɗanda aka kamo suna yara, akwai waɗanda suka kai harin, akwai kuma iyayen da ba su sake ganin 'ya'yansu ba. Marubucin yana magana ne a kan abin da masu karatunsa na farko suke gani a gidajensu ko gidajen maƙwabtansu.

Labarin kansa gajere ne. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauci. Wata rana ɗaya daga cikin almajiransa ya tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya warware musu tarihinsa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. Bayan wani hari da aka kai don kamo bayi, fadawa masu hassada suka yi wa Makau ƙazafin cewa ya ɓoye wa sarki wasu daga cikin bayin da ya kamo, aka kore shi daga gari, ya je ya zauna a Maƙarfi. Kafin iyalinsa su bi shi, mahaifiyar Umar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun wata aminiyarta, a nan ne wani ya sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, wasu manoma suka tsinci yaron suka riƙe shi, sannan mahara suka sake kama shi, aka kai shi Kano gidan wani mai suna Gumuzu, inda wani Balarabe fatake mai suna Abdulkarim ya karɓe shi, ya ƙetare sahara da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. A can Umar ya yi karatu a wajen Shaihu Mas'ud har ya zama malami. Ita kuwa mahaifiyar ta bi sawun ɗanta, wani mai suna Ado ya yaudare ta da alkawarin kai ta inda yake, aka sayar da ita a Murzuƙ, ta ƙare baiwa a gidan wani Ahmad a Tarabulus, dukansu a ƙasar Libiya ta yanzu. Mafarki ya tayar wa Umar da begen mahaifiyarsa, ya kamo hanyar gida tare da Abdulkarim, suka same ta a Tarabulus ta riga ta galabaita, ba a daɗe ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta hallaka ayarin har da Abdulkarim, Umar ya tsira, ya ƙarasa ƙasar Hausa, ya zauna a Rauta yana karantarwa.

To, sai a gwada amsoshin nan uku a kan wannan labari, a ga inda kowace ta tsaya.

Wanda ya ce jigon shi ne falalar ilimi yana da hujja a bakin ƙofar littafin da kuma ƙarshensa, tun da an buɗe da malami a tsakiyar almajiransa, an kuma rufe da shi a nan. Amma idan aka auna yawan abin da marubucin ya kashe a kan karatun Umar da yawan abin da ya kashe a kan hari da ƙazafi da sata da tafiye-tafiye, za a ga cewa karatun ɗan wuri kaɗan ya ci. Ba a nuna mana Umar yana fama da wata mas'ala ba, ba a kuma nuna ilimin ya kuɓutar da wani daga hannun mai saye ba. Wannan amsa ta fi dacewa da matsayin ƙaramin jigo.

Amsar ƙaddara da haƙuri ta fi wannan ƙarfi, kuma ita ce wadda muryar mai ba da labarin take goyon baya. Duk wata juyawa a rayuwar Umar daga waje take zuwa masa: ba shi ya kuɓutar da kansa daga ɓarawo ba, ba shi ya zaɓi Abdulkarim ba, ba dabararsa ce ta fitar da shi daga guguwa ba. Babban tauraro ne wanda kusan bai aikata komai don sauya makomarsa ba, ban da karatun da ya yi da kuma niyyar komawa neman mahaifiyarsa. Ɗalibin da ya lura da wannan ya yi nazari na gaskiya, domin ya ɗauko hujja daga yadda aka gina tauraro, ba daga abin da aka gaya masa a aji kawai ba. Sai dai akwai tambayar da wannan amsa ba ta iya ɗauka. Idan darasin littafin shi ne mai haƙuri yana ganin sakamako tun a duniya, to, ina sakamakon mahaifiyar? Babu wanda ya kai ta juriya a cikin littafin, babu wanda ya kai ta tsarkin niyya, kuma ita ce ta mutu a ƙasar da ba tata ba bayan shekarun bauta. Ɗalibin da ya rubuta shafi biyu a kan haƙuri, ya ambaci mutuwarta a jimla ɗaya ya wuce, ya bar rabin littafin a waje.

A nan ne zubi da tsari suke taimakon mai neman jigo, kuma a nan ne nake ganin ya kamata malami ya tsaya da ɗalibansa ya daɗe. Marubucin ya ɗora mutum biyu a kan hanya ɗaya, daga ƙasar Hausa zuwa arewacin sahara, ɗa a gaba, uwa a baya. Ɗan ya tafi a matsayin bawa, ya isa ya zama ɗan gida, ya zama malami. Uwar ta fito daga gida tana 'ya, da ƙafarta da niyyarta, ta isa ta zama baiwa. Irin mutanen da suka ɗauki ɗan su ne irin waɗanda suka ɗauki uwar, fatake masu ƙetare sahara, sana'arsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Bambancin da ke tsakanin makomar Umar da ta mahaifiyarsa bai dogara da halinsu ko ƙoƙarinsu ba, ya dogara ne da halin mutumin da suka faɗa hannunsa. Wanda ya faɗa hannun Abdulkarim ya sami uba, wadda ta faɗa hannun Ado da Ahmad ta sami ƙunci har mutuwa. Labaran nan biyu kamar tagwayen hanya suke, ba a fahimtar ɗaya sai an dubi ɗayar, kuma marubucin da kansa yakan ajiye labarin ɗan ya koma ya ɗauko na uwar, abin da ke nuna cewa da gangan ya jera su.

Idan aka karanta littafin ta wannan fuska, amsar bauta ma sai ta sake kama. Ɗalibai sukan rubuta cewa littafin ya la'anci bauta, amma idan aka ce su nuna wurin da mai ba da labarin ya tsaya ya yi wannan la'anta, sai abin ya yi musu wuya. Dubi Makau. An gabatar da shi a matsayin mutumin kirki, mai gaskiya, mai riƙon amana, wanda ya riƙi agolansa da kyau, kuma tausayin mai karatu yana tare da shi lokacin da aka kore shi. Amma aikin da ya fita yi a ranar da aka ƙulla masa sharri shi ne kamo mutane daga gonakinsu. Zaluncin da labarin ya nuna da yatsa a wannan sashe shi ne ƙazafin da aka yi wa Makau a fada. Mutanen da aka kamo kuwa lissafi ne kawai, ana gardamar ko nawa ne aka kawo wa sarki, ko nawa aka ɓoye. Haka kuma Abdulkarim, wanda Umar yake ambata da ƙauna da girmamawa, abin da ya kawo shi gidan Gumuzu shi ne cinikin mutane. Mutum biyu da suka tsaya wa Umar a matsayin uba, dukansu daga wannan sana'a suke ci.

Wannan ba rauni ba ne a littafin, a ganina shi ne ƙarfinsa. Da marubucin ya mai da duk mai hannu a cinikin bayi mugu mai baƙar zuciya, da ya sauƙaƙa wa mai karatu, ya kuma yi wa tarihi ƙarya. Abin da ya yi shi ne nuna al'ummar da bauta ta shiga jikinta har mutanen kirki suna yin ta ba tare da sun ga aibinta ba, sannan ya ɗauki irin abin da Makau ya yi wa iyalan wasu ya saukar da shi a kan iyalin Makau ɗin. Yaron da aka sace agolan mahari ne, matar da aka sayar a Murzuƙ matar mahari ce. Mai ba da labarin bai ce wannan sakayya ce ba, kuma bai kamata ɗalibi ya sa masa maganar a baki ba. Abin da ɗalibi zai iya cewa, ya kuma kafa hujja a kai, shi ne cewa a duniyar littafin babu wanda ya tsira daga wannan ciniki, har waɗanda suke cin moriyarsa.

Akwai kuma batun wanda yake ba da labarin, wanda yawancin amsoshi ba sa taɓawa sam. Tsarin labari cikin labari ba baƙon abu ba ne a littattafan gasar, domin a Ruwan Bagaja ma Alhaji Imam ne yake ba Koje Sarkin Labari tarihin yawonsa. Amma a Shaihu Umar tsarin yana da wani tasiri na musamman. Mai maganar dattijo ne, malami, yana gaban almajiransa, kuma ya riga ya san ƙarshen kowane abu da yake faɗa. Irin wannan mutum ba zai yi kururuwa ba, ba zai zagi wanda ya rene shi ba, ba zai yi jayayya da hukuncin Ubangiji a gaban masu ɗaukar karatu a wajensa ba. Saboda haka natsuwar da ake ji a salon littafin, da ƙarancin raha idan aka kwatanta da Ruwan Bagaja, da rashin kirari da zuga irin na Ganɗoki, duk sun dace da bakin da labarin yake fitowa. Ɗalibin da ya gane wannan zai daina ɗaukar duk abin da Umar ya faɗa ko ya yi shiru a kansa a matsayin ra'ayin Tafawa Ɓalewa kai tsaye. Umar yana karanta rayuwarsa da idon mai tawakkali, marubucin kuwa shi ya zaɓi abubuwan da za a jera a gaban mai karatu, har da waɗanda suke da wuyar haɗiya.

Daga nan wata tambaya take tasowa, wadda tana da kyau a jefa wa aji: ta yaya Umar ya san abin da ya faru a fadar Kagara yana ƙaramin yaro, ko abin da ya sami mahaifiyarsa a hanya alhali yana Masar? Ta fuskar fasahar rubutu, ana iya cewa marubucin ya fara da muryar mai ba da tarihin kansa, sannan ya zame zuwa muryar masanin komai a inda labarin ya buƙata, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda yake cikin mutanen farko da suka gwada irin wannan rubutu a Hausa. Ana kuma iya cewa hanyar da hankali zai kama ita ce daga bakin mahaifiyar ya ji, a ɗan zaman da suka yi a Tarabulus kafin ta cika. Duk wanda ɗalibi ya ɗauka cikin biyun, ya riga ya tashi daga maimaita labari ya shiga nazarinsa.

Wurare da lokaci su ma hujja ne, ba ado ba. Kagara da Maƙarfi da Fatika da Kano da Murzuƙ da Tarabulus garuruwa ne da mai karatu zai iya nema a taswira. Murzuƙ ita ce babbar cibiyar ƙasar Fezzan, mahaɗar ayarin da ke tasowa daga Borno ta Bilma zuwa bakin teku, kamar yadda wani ayarin yake tashi daga Kano ta Damagaram da Agadas da Gat. Ambaton Rabe a ƙarshen labarin yana ba ɗalibi damar sanya shi a ma'aunin tarihi, tun da Rabe ya ci Borno a 1893, aka kashe shi a 1900. Ke nan rayuwar Umar ta faɗo a shekarun ƙarshe na wannan fatauci, gab da zuwan Turawa da kuma isowar jirgin ƙasa Kano, wanda ya karkatar da ciniki zuwa kudu. Wannan riƙo da zahiri shi ya bambanta littafin da wasu daga cikin 'yan'uwansa na gasar, inda aljannu da ƙasashen mamaki suke da babban gurbi. Ko abubuwan al'ajabin da ke cikinsa, kamar kurar da ta ci ɓarawo ta bar yaro, ba su fita daga abin da zai iya faruwa ba.

To, yaya amsa mai kyau za ta kasance? A ganina ɗalibi zai fara da furta jigo cikin cikakkiyar jimla, ba kalma ɗaya ba, misali ya ce littafin yana nuna yadda hari da cinikin bayi suka tarwatsa iyali guda, suka mai da makomar mutum abin da ke hannun wanda ya mallake shi, kuma an ba da labarin ta bakin wanda ya tsira, mai kallon abin da ya same shi a matsayin ƙaddara. Daga nan sai ya kawo hujja uku ko huɗu daga wurare daban-daban na littafin, ya ce ga abin da ya faru, ga kuma abin da yake nunawa. Sai ya kawo hassadar fada da cin amana da neman ilimi a matsayin ƙananan jigogi, ya nuna yadda kowanne yake ɗaure da babban jigon: hassada ce ta raba Makau da gida, rabuwar ce ta bar yaro ba mai tsaro, cin amanar Ado ne ya kai uwa kasuwa. Ɗalibin da ya fi son ya tsaya a kan ƙaddara a matsayin babban jigo yana da 'yancin yin haka, kuma bai kamata mai duba takarda ya rage masa maki don ya saɓa wa abin da ke rubuce a jagorar malami ba, muddin ya fuskanci mutuwar mahaifiyar ya faɗi yadda ta shiga cikin fahimtarsa.

Akwai masu kawo hujjar cewa tun da hukumar Turawa ce ta shirya gasar ta kuma buga littafin, to, an rubuta shi ne don a nuna munin zamanin da ya gabaci mulkinsu. Tambaya ce da ta cancanci a yi ta, musamman a matakin jami'a, domin East ya yi wa rubuce-rubucen gasar gyara kafin a buga su. Amma wanda zai bi wannan hanya sai ya yi bayanin abin da ya sa Turawa ba su ne masu ceto a cikin labarin ba, da abin da ya sa mutumin da littafin ya ɗaukaka malamin zaure ne wanda ya yi karatunsa a hannun Larabawa.

Abu na ƙarshe da ya kamata a ja kunnen ɗalibai a kansa shi ne bambancin littafin da abubuwan da aka samar daga gare shi. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Wasa da fim dole su sanya magana a bakin taurari, su faɗaɗa wasu fitowa, su taƙaita wasu, domin abin da ido zai gani daban yake da abin da dattijo zai ba da labarinsa yana zaune. Idan tambayar jarrabawa a kan rubutun zube take, to, hujjar da aka ɗauko daga wasan ko fim ɗin ba za ta karɓu ba, sai ɗalibi ya koma shafukan littafin ya tabbatar cewa abin da yake tunawa yana nan a ciki.